Shaidar iyali da abokai a neman diyyar tsohon sojan Amurka: wa zai rubuta, kuma me zai rubuta?

"Assalamu alaikum Malam. Maigidana tsohon sojan Amurka ne, ya yi aiki daga 2004 zuwa 2010 a matsayin direban manyan motoci, kuma ya je Iraki. A can ne ya faɗo daga kan mota ya bugu a baya, amma bai je asibitin sansani ba. Abokinsa ne ya ba shi maganin rage zafi, ya ci gaba da aiki. Yanzu ciwon bayan ya matsa masa, har sallah a kan kujera yake yi. Ya nemi diyya a VA, ma'aikatar tsofaffin sojoji, suka ba shi matakin nakasa na kashi 30 cikin ɗari saboda PTSD, wato ciwon damuwa da firgici da ke biyo bayan tashin hankali irin na yaƙi, suka hana shi ta ciwon baya, wai babu inda aka rubuta ciwon a takardunsa na soja. Wata huɗu ke nan da zuwan wasiƙar. An ce mu nemo mutane su rubuta masa shaida. Ni a 2009 muka yi aure, ban ga faɗuwar ba. Mahaifiyarsa tana Damagaram, ba ta jin Turanci. Wa ya kamata ya rubuta? Sai an kai wa lauya ya buga hatimi? Kuma gaskiya ina jin nauyin rubuta abin da ke faruwa a ɗakinmu da dare, gani nake kamar tonon asirinsa ne." Daga wata baiwar Allah a jihar Maryland.

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ƙara wa maigida lafiya, ya saka miki da alheri a kan ɗawainiyar da kike yi da shi. Idan na fahimce ki, kina son sanin ko maganar mutanen da ba likitoci ba tana da nauyi a wajen Ma'aikatar Kula da Tsofaffin Sojoji ta Amurka, wato VA, da wanda ya dace ya rubuta a cikinku, da kuma yadda za ki faɗi gaskiyar halin da yake ciki ba tare da kin ji kin tozarta shi ba. Aikina ke nan, taya tsofaffin sojoji haɗa fayil a ƙarƙashin wata ƙungiya da VA ta amince da wakilanta. Sai dai ban ga wasiƙarku ba, ban ga fayil ɗinsa ba, kuma ni ba likita ba ne. Abin da zan faɗa shi ne yadda tsarin yake da abin da na ga yana yin aiki. Wanda zai zauna da takardunku a gabansa shi zai daidaita muku shi da naku halin.

Amsar a taƙaice ita ce e, maganarku tana da nauyi, doka ce ma ta ba ta nauyin. Amma da sharaɗi guda: kowa ya tsaya a kan abin da idonsa ya gani ko kunnensa ya ji, ya faɗi lokacin, ya faɗi sau nawa. Takardar da ta tsaya a nan tana iya juya hukunci. Wadda ta tafi yabo, ko ta shiga aikin likita, karanta ta kawai ake yi a ajiye.

Wane giɓi ne za a cike?

Kafin VA ta amince cewa aikin soja ne ya jawo wa mutum nakasa, abu uku take nema: ciwon da yake fama da shi a yanzu, wani abu da ya same shi lokacin da yake cikin kaki, da kuma alaƙa tsakanin biyun. Ki koma ga wasiƙar da ta zo muku ki karanta ta a tsanake. Tun da sabon tsarin ɗaukaka ƙara ya fara aiki a watan Fabrairun 2019, dole ne wasiƙar hukunci ta lissafa abubuwan da VA ta riga ta yarda da su, sannan ta faɗi abin da ta ce ya ɓace. Abin da ta yarda da shi ya zauna, ba sai kun sake wahalar tabbatar da shi ba. Bisa abin da kika faɗa, na biyun ne suka ce babu, wato faɗuwar. To can za a dosa. Mutane da yawa kan tara takardu biyar ko shida duk suna bayanin irin azabar da mutum ke sha a yau, alhali VA ba ta musa yana shan azaba ba. Tambayarta ita ce daga ina ciwon ya samo asali.

Rashin rubutu a takardun asibitin soja ba baƙon abu ba ne. Duk wanda ya yi kaki ya san yadda ake kallon sojan da ke yawan zuwa layin marasa lafiya, musamman a fagen daga, inda zaman mutum ɗaya a tanti ke nufin wani zai ɗauki motarsa a ayari. Sai a haɗiyi ibuprofen a ɗaure ɗamara a wuce. Kotuna sun san da haka. A shari'ar Buchanan ta 2006, kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ce ba a yi watsi da shaidar mutum don kawai babu takardar likita ta wancan lokacin da ta mara mata baya. Shekara guda bayan haka aka yi shari'ar Jandreau, ta wani tsohon soja da ya ce kafaɗarsa ta goce a lokacin horo, takardunsa kuma suna cikin waɗanda suka ƙone a gobarar ma'ajiyar takardun sojoji da ke birnin St. Louis a watan Yulin 1973, wadda ta cinye fayil tsakanin miliyan 16 zuwa 18. Abin da ya rage masa shi ne takardar wani abokin aikinsa. Kotu ta ce wanda ba likita ba yana iya shaidar ciwon da kowa ke iya ganewa da ido, kamar karaya, ko ya faɗi abin da ya ji likita ya faɗa a lokacin, ko ya bayyana alamomin da daga baya likita ya tabbatar da cutar da ke bayansu.

Akwai kuma ƙa'idar da ke sashe na 5107 na kundin dokokin tsofaffin sojoji: idan hujjojin da ke goyon baya da waɗanda ke musawa suka yi kusan kunnen doki, tsohon soja ake ba gaskiya. Ke nan ba a buƙatar ku kawo hujjar da ba ta da ja. Abin da ake so shi ne ma'aunin ya daidaita. Sashe na 1154 ya ƙara sassauci ga wanda ya ji rauni a tsakiyar artabu da abokan gaba: ana karɓar maganarsa ko da babu rubutu, muddin ta dace da yanayin aikinsa. Don haka ki tambayi maigida yadda faɗuwar ta auku. Idan ana cikin harbi ne ko bayan tashin bam a kan ayarinsu, lallai a faɗi haka ƙarara. Idan kuwa yana ɗaure kaya ne a cikin sansani ƙafarsa ta zame, a faɗi hakan yadda yake. Shi ma rauni ne a bakin aiki, kuma ana biyan diyyarsa.

Abokin da ya ba shi magani

A duk mutanen da kika ambata, wannan abokin ne ya fi kowa muhimmanci ga zancen baya, domin shi kaɗai ne yake wurin. Ku neme shi ko ta halin ƙaƙa. Yawancin rundunoni suna da zaure a Facebook, kuma sajan ɗin da ya shugabance su sau da yawa ya san inda kowa ya faɗa. Idan an same shi, kada a aika masa da rubutacciyar takarda a ce ya sa hannu. A bar shi ya rubuta da bakinsa, ko da Turancin nasa na bariki ne. Abin da za a roƙe shi shi ne ya fara da ko shi wane ne, rundunar da suka yi aiki tare, da wurin da watannin, don mai duba fayil ya iya gwada su da takardar sallamar maigida, DD-214, da sauran bayanan aikinsa.

Ga irin takardar da nake yawan gani: "Na san shi shekaru da yawa, soja ne nagari mai riƙon amana, ya ji ciwo a Iraki, ya cancanci a taimaka masa." Duk abin da ke cikinta gaskiya ne, amma babu abin da mai hukunci zai kama. Ga kuma irin wadda ke aiki: "Motata ce ke bayan tasa a ayari. Wajen ƙarshen bazarar 2006, da safe muna ɗaure kaya, na ga ƙafarsa ta zame daga saman tirela ya faɗo ta baya a kan tsakuwa, sanye da rigar sulke. Ya ɗauki wasu mintuna bai tashi ba, ni da wani muka ɗaga shi. Na ce mu je wajen mai ba da magani, ya ce a'a, ayari zai tashi. Na ba shi ibuprofen daga jakata. Daga ranar har muka bar ƙasar, nakan ga yana naɗe tawul yana sawa a bayan kujerar mota, kuma ya daina ɗaga taya shi kaɗai, sai mun taya shi." Ki lura babu inda ya ambaci sunan cuta. Bai ce ƙashi ya goce ba, bai ce jijiya ta danne ba. Ya faɗi faɗuwa, tsakuwa, tawul da taya.

Idan bai tuna ranar ba, ya ce bai tuna ba, ya ɗaure abin da wani lokaci da ya tabbatar, kamar kafin hutun tsakiyar zango ko bayan an canza musu sansani. Gara a ce "wajen watan Agusta ko Satumba" da a ƙirƙiro rana, daga baya a gano a ranar ma ba su iso ƙasar ba. Kwanan wata guda da bai yi daidai ba yana iya sa a yi shakkar takardar gaba ɗaya.

Hajiya da ke Damagaram, da ke kanki

Shaidar mahaifiyarsa tana da amfanin da ta kowa ba ta da shi, domin ita ta san shi kafin kaki. Doka tana ɗaukar cewa duk wanda aka duba aka ɗauka soja lafiyarsa ƙalau, sai abin da aka rubuta a ranar gwajin shiga, amma duk da haka yana da kyau a ji daga bakin wanda ya raine shi cewa yaro ne mai ɗaukar buhu, mai buga ƙwallo, bai taɓa kukan baya ba. Idan ya je gida bayan dawowarsa daga Iraki, abin da Hajiya ta gani a wannan zuwan zinari ne: ya ƙi kwanciya a katifa sai a tabarma, ko ya kasa daɗewa a durƙushe lokacin gaisuwa, ko ta sa an nemo masa man zafi. Ta faɗi shekarar, ko ta ce da ƙaramar sallah ce ko bayan bikin wance, ku kuma ku duba hatimin shiga ƙasa a fasfo ɗinsa ku haɗa kwafinsa.

Rashin Turanci ba matsala ba ne. Ta yi bayaninta da Hausa, wani ya rubuta kalma bisa kalma, a karanta mata, ta sa hannu ko ta dangwala. Sannan a fassara, mai fassarar ya rubuta sunansa ya tabbatar cewa yana jin harsunan biyu kuma bai ƙara bai rage ba. A tura na Hausar da na Turancin tare. Ina ba da shawara mai fassarar kada ya zama maigida ko ke, don kada a ce masu cin moriyar ne suka gyara zancen. Kuma kada a yi wa maganarta kwalliya. Tsohuwa ta yi magana irin ta tsofaffi, hakan ne ke sa a yarda da ita.

Ke kuma, Malama, ki faɗa tun a layin farko cewa ba ki ga faɗuwar ba, kuma a 2009 kuka yi aure. Wannan ƙara wa takardarki ƙarfi zai yi. A shekarar yana cikin soja har yanzu, don haka duk abin da kika gani tsakanin aurenku da sallamarsa a 2010 shaida ce ta lokacin aiki. Daga nan ki jawo zaren har zuwa yau. Wannan zaren ne ake nema, domin abin da likitocin VA suka fi kafa hujja da shi wajen musa alaƙa shi ne dogon shiru: mutum ya bar soja a 2010, bai je asibiti da kukan baya ba sai bayan shekaru masu yawa. Ke ce za ki cike shirun. Yaushe kika fara saya masa maganin shafawa da ɗamarar baya? Yaushe ya daina ɗaukar yara? Me ya hana shi zuwa asibiti, rashin inshora ne, ko aikin da ba a ba da hutu, ko taurin rai irin na soja? Idan ya taɓa gaya miki labarin faɗuwar tun farkon aure, ki rubuta cewa shi ya gaya miki, da lokacin da ya gaya miki, tun kafin zancen diyya ya taso.

Zancen sallah da kika yi a tambayarki kada ki bar shi a baya. VA tana auna nakasar baya ne galibi da iya sunkuyawar mutum gaba: wanda bai wuce digiri 60 ba yana samun kashi 20, wanda bai wuce digiri 30 ba yana samun kashi 40. Ke ba za ki auna digiri ba, amma sau biyar a rana kina ganin mutumin nan yana ƙoƙarin ruku'u. Mai karanta takardarki mai yiwuwa bai san yadda ake sallah ba, sai ki bayyana masa: ibada ce da ake sunkuyawa har tafin hannu ya kai gwiwa, sannan a kai goshi ƙasa. Ki ce a wace shekara ya fara dafa bango kafin ya miƙe daga sujada, a wace shekara ya koma kujera a sallar asuba kawai, yaushe kuma ya koma kujera gaba ɗaya. Limamin masallacinku ko wanda suke sahu ɗaya zai iya tabbatar da wannan a layi biyar. Ki kuma bayyana ranakun da ciwon ke tashi: sau nawa a wata, kwana nawa yake ɗauka, me yake kasa yi, ko ke ce ke sa masa safa da takalmi. A shari'ar Sharp ta 2017 kotu ta ce dole likitan da ke gwaji ya yi la'akari da irin waɗannan ranakun ko da ranar gwajin ta faɗo a lokacin da jikin ya yi sauƙi.

Nauyin da kike ji

Na fahimci wannan nauyin sarai, kuma ina girmama shi. An raine mu a kan rufa wa miji asiri, kuma idan aka tambaye mu jiki, "da sauƙi" muke cewa ko da mutum bai runtsa ba. Shi ma maigida na tabbata haka ya yi a gaban likitan da ya gwada shi: aka ce yaya barci, ya ce Alhamdu lillahi. Godiya ga Allah wajibi ce, amma likitan abin da ya ji shi ya rubuta, kuma da wannan rubutun aka yanke kashi 30.

Ga yadda ma'aunin yake. Ciwon da ya shafi ƙwaƙwalwa ana ba shi kashi 0, 10, 30, 50, 70 ko 100, gwargwadon yadda ya taɓa aikin mutum da zamansa da jama'a. Kashi 30 na wanda gaba ɗaya yana tafiyar da rayuwarsa, sai dai jefi-jefi aikinsa kan ja baya, ga rashin barci da ɗar-ɗar. Kashi 50 ya haɗa da irin wanda firgici ke taso masa fiye da sau ɗaya a mako, kuma yana shan wuya wajen riƙe hulɗa a wurin aiki da cikin mutane. Kashi 70 na wanda abin ya taɓa yawancin sassan rayuwarsa, aiki da iyali da tunani, kamar mai fushin da ba ya iya dannewa, ko mai sakaci da tsaftar jikinsa, ko mai tunanin kashe kansa. Likita na ganinsa na ɗan lokaci a ofis, ya yi wanka ya sa kaya masu kyau. Abin da ke faruwa ƙarfe biyun dare ke kaɗai kika sani. Idan yana zabura da ihu, ko ya taɓa kai miki hannu cikin barci bai sani ba, ko yana tashi ya zagaya ƙofofi da tagogi, ko kun raba ɗaki saboda haka, ko ya daina zuwa suna da ɗaurin aure, ko yana barin gari a daren 4 ga Yuli, ranar bikin 'yancin kan Amurka, saboda ƙarar wasan wuta, idan ba ki faɗa ba babu mai faɗa.

Fayil ɗin VA ba a baje shi a kasuwa. Ma'aikatan da ke duba shi da wakilin da maigida ya naɗa su ke gani, kuma doka ta kare sirrinsa. Amma shi yana da ikon neman kwafin fayil ɗinsa, don haka kada ki rubuta a ɓoye. Ki zauna da shi a lokacin da ransa ke sanyi, ki gaya masa abin da za ki rubuta da dalilin. Na taɓa zama da wasu ma'aurata, matar ta karanta takardarta a fili, mijin ya sunkuyar da kai har ta gama, sannan ya ce bai san yara suna shigewa ɗaki su rufe ƙofa idan sun ji motarsa ba. A makon ya koma wajen likitansa da kansa. Zaman yana da zafi, ki shirya masa, kuma idan kina ganin zai fi sauƙi a gaban wakilinku ko wani babba da yake jin nauyinsa, a yi haka. Idan kuma ya taɓa furta cewa gara ya mutu, wannan ba zancen jiran takarda ba ne. Ki kira 988 ki danna 1, layin agajin tsofaffin sojoji ne, dare da rana, kuma iyali ma suna iya kira.

Kamar yadda ragewa ke cutarwa, haka ƙari. "Kullum" da "bai taɓa" kalmomi ne masu haɗari. Idan kika ce ba ya iya fita ko ƙofar gida, alhali fayil ya nuna yana tuƙa kansa zuwa aiki, an gama da takardarki. Ki ce dare uku ko huɗu a mako idan hakan ne, ki kuma ambaci ranakun da yake warwarewa. Tun daga yau ki ajiye ɗan littafi kina rubuta daren da ya zabura da ranar da baya ya kwantar da shi, don lissafinki ya fito daga rubutu. Shaidar zur kuwa ba sai na tsaya ja miki kunne a kanta ba, kin san matsayinta a addini, kuma a dokar tarayyar Amurka yin ƙarya da gangan ga hukuma laifi ne da ke iya kai mutum kurkuku har shekara biyar.

Fom, hatimi da ƙofar da za a bi

Ba a buƙatar hatimin lauya ko na notari, wato jami'in da ke tabbatar da sa hannu. VA tana da fom na musamman don wannan, lamba 21-10210, kuma a ƙarshensa akwai wurin da mai shaida ke sa hannu yana tabbatar da cewa abin da ya faɗa gaskiya ne iyakar saninsa. Kowane mai shaida da nasa fom. Idan wurin rubutu bai isa ba a ƙara takarda, a sa sunan maigida da lambar fayil ɗinsa a saman kowane shafi. Shafi ɗaya zuwa biyu ya wadatar. Ke da kike da magana a kan baya da kuma PTSD, ki raba su takarda biyu, don kowace ta tafi inda ake buƙatarta. Shi ma maigida ya rubuta tasa, kuma kafin a tura a jera duka a karanta a ga ko akwai inda suka saɓa. Idan an sami saɓani, a koma wa mai shaidar a tambaye shi abin da ya tuna da gaske, kada a gyara masa. Takardu uku da suka zo da jimloli iri ɗaya sak suna nuna hannu ɗaya ne ya rubuta su.

A nan ne mutane suka fi yin asara. Bayan hukunci akwai hanyoyi uku, kuma ba duka ke karɓar sabuwar hujja ba. Idan kuka nemi babban jami'i ya sake dubawa da fom 20-0996, ba zai kalli takardunku ba ko kun haɗa, domin abin da ke cikin fayil a ranar hukunci kaɗai yake dubawa. Hanyarku ita ce ƙarin buƙata da fom 20-0995, wadda aka tanada don sabuwar hujja mai alaƙa da abin da aka hana. Ta nan za ku iya ƙalubalantar hana diyyar baya da kuma kashi 30 ɗin. Hanya ta uku ita ce Hukumar Ɗaukaka Ƙara da fom 10182, inda alƙali ke dubawa. Tana da layukan dubawa uku, biyu daga cikinsu suna karɓar sabuwar hujja, amma ta fi ɗaukar lokaci. Kuna da shekara guda daga kwanan watan da ke kan wasiƙar. Idan kuka shigar a cikinta kuma aka amince, biyan zai koma tun daga ranar buƙatar farko. Idan ta wuce, kuna iya shigarwa har yanzu, amma kuɗin watannin da suka wuce ya tafi. Wata huɗu sun riga sun shuɗe, kuma takarda daga Damagaram da neman abokin da aka rabu da shi tun tuni ba aikin mako guda ba ne.

Iyakar abin da takardun za su yi

Shaidarku za ta iya tabbatar da faɗuwar, ta kuma nuna ciwon bai yanke ba. Abin da ba za ta iya ba shi ne cewa lalacewar da hoton MRI ya nuna a yau daga waccan faɗuwar ta fito, ba daga shekaru ko aikin da ya yi bayan soja ba. Wannan hurumin likita ne. Amfanin takardunku shi ne su tilasta a kai ga likitan. Tun shari'ar McLendon ta 2006 aka tabbatar cewa idan akwai ciwo a yanzu, akwai shaidar abin da ya faru a soja, kuma akwai alamar cewa wataƙila suna da alaƙa, wajibi ne VA ta shirya gwaji da kuɗinta. A shari'ar Dalton ta 2007 kuma, wadda ita ma a kan ciwon baya ce, kotu ta ƙi amincewa da ra'ayin likitan da ya dogara da rashin rubutu a takardun soja ya yi biris da bayanin tsohon sojan. Idan maigida yana da likitan da ke duba bayansa, ku kai masa kwafin takardun shaidar ya karanta, ku tambaye shi ko zai rubuta ra'ayinsa tare da dalilansa. Ma'aunin da VA ke amfani da shi shi ne yiwuwar alaƙar ta kai rabi da rabi ko fiye.

Ba zan yi miki alkawarin za a amince ba. Na ga fayil mai kyau da aka sake hanawa sai a gaban alƙali aka samu. Kuma duk lokacin da aka nemi ƙarin kashi, VA tana sake duba ciwon ne baki ɗaya, don haka a tattauna da wakili kafin a taɓa na PTSD. Wakilan ƙungiyoyin tsofaffin sojoji irin su DAV, VFW da American Legion kyauta suke aiki, haka ma ofisoshin tsofaffin sojoji na jiha, kuma ana naɗa su da fom 21-22. Ku yi hattara da kamfanonin da ba su da rajista da VA, masu neman a ba su kuɗin wata biyar ko shida na ƙarin da aka samu. A shafin VA na intanet ana iya duba sunan duk wanda ya ce shi wakili ne ko lauya a ga ko yana cikin waɗanda aka amince da su.

Idan har an nemi abokin nan an rasa, ko Allah ya yi masa rasuwa, kada ku tsaya. Duk wanda suka zauna tanti ɗaya ya ga tawul ɗin a bayan kujera ko ya ji shi yana nishi da dare zai iya faɗin wannan, ko da bai ga faɗuwar ba. Ku binciko tsofaffin wasiƙu da saƙonnin imel da ya aiko gida daga Iraki, da takardar tambayoyin lafiya da ake cikewa bayan dawowa daga fagen daga, wataƙila ya yi alama a gurbin ciwon baya ya manta. Idan aka sa ranar gwaji, ki raka shi, ki tafi da kwafin takardun a hannu, kuma tun a mota ki tuna masa cewa idan likita ya ce ya sunkuya, ya faɗa da bakinsa a daidai inda zafin ya fara.